Bayan Takardar Saki: Yadda Alƙali Ke Yanke Kuɗin Ciyarwa da Yadda Za Ki Nema

Matan da aka saka sukan zo kotu da ɗaya daga cikin zato biyu, kuma duka biyun asara suke jawowa. Wata ta ji labarin ƙasashen Turawa, inda kotu kan ɗora wa namiji ciyar da tsohuwar matarsa shekara da shekaru, sai ta ɗauka haka abin yake a Kano ko Sakkwato. Wata kuma a kan haƙuri aka raine ta, da zarar takarda ta shiga hannunta sai ta kwashi 'ya'ya huɗu ta koma gidan ubanta, a ganinta ba ta bin kowa komai.

Kotunan shari'ar Musulunci na Arewacin Najeriya da mazhabar Malikiyya suke hukunci, kuma abin da mazhabar ta tanada yana tsakanin waɗannan biyun. Haƙƙin matar ita kanta gajere ne, da idda yake ƙarewa. Amma haƙƙin ciki da na shayarwa da na 'ya'yan da ke hannunta yana daɗewa, wani ya kai shekara goma sha wani abu. Shi kuwa alƙali ba ya ba da abin da ba a nema ba, ba ya kuma yanke adadi a kan abin da ba a tabbatar masa ba. Saboda haka aikin naki ne tun daga ranar farko.

Mataki na farko: wane irin aure, wane irin saki

Idan aurenku na rajista ne, wato wanda aka ɗaura ƙarƙashin dokar aure ta tarayya a ofishin rajista ko a cocin da ke da lasisi, to shari'arku ta Babbar Kotun Jiha ce, a ƙarƙashin dokar rabuwar aure ta 1970. Sashe na 70 na dokar ya umarci alƙali ya duba abin hannun kowanne cikin ma'auratan, da ƙarfinsa na neman na kansa, da halayen da ya nuna a zaman auren, da sauran abin da ya shafi lamarin. Yana iya yanke a biya a dunƙule ko wata-wata, kuma a rubuce dokar ba ta ce lallai miji ne mai biya ba. Sai dai sashe na 69 ya fitar da auren Musulunci da na gargajiya daga wannan tsari. Wadda aka ɗaura wa aure a ƙofar gida ko a masallaci, da waliyyi da shaidu da sadaki, kotunta ita ce kotun shari'ar Musulunci a jihohin da suka kafa su daga shekarar 2000, ko kotun yanki a wurare irin su Abuja da Kwara da Filato. A kanta sauran bayanin yake.

Tambayar farko da alƙali zai yi ita ce saki nawa ne, kuma ta wace hanya. Ba tambayar banza ba ce, domin a kanta lissafin duka ya rataya.

Saki ɗaya ko biyu, wanda miji ke da ikon kome a cikinsa, bai yanke igiyar gaba ɗaya ba. Muddin kina cikin idda, ci da sha da sutura da wurin kwana duk suna wuyansa kamar ba a yi sakin ba. Har ma in ya rasu a cikin iddar kina da gado.

Saki uku da hul'i, wato mace ta fanshi kanta daga auren da dukiya, su kuwa sun yanke. A nan Malikiyya ta ba ki wurin zama kaɗai har idda ta cika, ba ciyarwa, ba tufatarwa, sai fa in kina da ciki. Mai ciki ana ciyar da ita har ta haihu, ko wane irin saki ne, kamar yadda aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta faɗa.

In kuma an sake ki kafin tarewa da saduwa, babu idda, saboda haka babu ciyarwar idda. Rabin sadakin da aka ambata shi ne naki.

Kalma ɗaya a kan hul'i. Akwai mazan da ke gallaza wa mace da duka da yunwa don ta gaji ta ce ta fanshi kanta, ya karɓe sadakinsa, ya kuma kuɓuta daga ciyarwar idda. Idan cutarwa ce ta kore ki, kada ki buɗe baki da neman hul'i. Ki nemi alƙali ya raba auren saboda cutarwa, ki kawo shaidu. A Malikiyya wannan rabuwar ba a biyan komai a kanta, kuma ko an riga an karɓi kuɗin fansa, in aka tabbatar cutarwa ce ta tilasta ki, ana mayar miki da su. Ki kuma karanta takardar hul'i da kyau kafin ki sa hannu, don ana iya cusa sharaɗin cewa kin yafe ciyarwar ciki ko ladan shayarwa, kuma in kin amince sharaɗin yana aiki.

Mataki na biyu: ɗakinki

A al'adarmu, mace na karɓar takarda sai ta ɗauki mayafi. In ta tsaya ma dangin miji su ce ba ta da zuciya. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ akasin haka ta ce: kada a fitar da su daga gidajensu, kada su ma su fita. Wannan al'ada tamu ta cinye haƙƙin mata fiye da duk wata dabarar lauya, domin wadda ta fita da ƙafarta ba tare da uzuri ba, ba za ta dawo ta nemi kuɗin hayar inda ta je ta zauna ba, kuma ta ba shi abin faɗa a kotu: "Allah ya gafarta Malam, ni ban kore ta ba."

In zama zai yiwu, ki zauna. In korar ki aka yi, ko kina tsoron duka, ki fita, lafiyarki ta fi kuɗin haya. Amma a ranar, ko washegari, waliyyinki ya je ya sanar da mai unguwa ko limamin unguwa ko ofishin Hisba cewa koro ki aka yi. Waɗannan su ne shaidunki nan gaba. Takardar sakin kuma ki adana ta, ki ɗauki hotonta a waya. In da baki ya furta, ki riƙe ranar da sunayen waɗanda suka ji. In ta saƙon waya ne, kada ki goge, kada ki canza wayar kafin a fitar da saƙon a takarda.

Mataki na uku: ki lissafa haƙƙoƙin ɗaya bayan ɗaya

Kada ki je gaban alƙali ki ce "ina neman haƙƙina" ki yi shiru. Haƙƙoƙin daban-daban ne, kowanne da hukuncinsa da lokacinsa.

Akwai ciyarwar idda. Iddar mai ganin al'ada tsarki uku ce a Malikiyya, kuma tsarkin da aka yi sakin a cikinsa ana ƙirga shi. Wadda ba ta gani saboda shekaru, wata uku. Mai ciki, ranar haihuwa, ko da saura mako guda. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne mai goyo: in shayarwa ta ɗauke mata al'ada, iddarta ba ta cika da wata uku, jira za ta yi sai al'adar ta dawo. Ke nan in sakin na kome ne, ciyarwar ma tana tafiya tare da iddar. Mazan da ke ƙirga kwana casa'in su wanke hannu, sau da yawa bashi suka bari a baya.

Akwai bashin ciyarwa na lokacin da auren ke nan. In ya yi watanni bai ajiye cefane ba alhali yana da hali, ke kika ciyar da kanki, wannan bashi ne, saki ba ya goge shi. Amma watannin da aka tabbatar talauci ne ya hana shi, waɗannan sun faɗi. Matsalar ita ce hujja. In kuna gida ɗaya ya ce yana ciyarwa, maganarsa ake ɗauka tare da rantsuwa sai kin kawo shaidu. In tafiya ya yi ya bar ki, maganarki ake ɗauka daga ranar da kika kai kuka wurin alƙali. Duba yadda jinkiri ke cin mutum.

Akwai ragowar sadaki in ba a cika ba, da kayan ɗakinki, waɗanda naki ne ba gardama. Inda aka yi jayayya a kan wani kaya ba shaidu, abin da aka san na mata ne a al'ada ana bar wa mace da rantsuwarta, na maza a bar wa namiji.

Akwai ciyarwar ciki. Ba a yanke ta da faɗar baki kawai, sai cikin ya tabbata, sannan a lissafo har da watannin baya. Takardar awo ko ta hoton ciki daga asibiti tana rage doguwar magana.

Akwai ladan shayarwa. Da zarar igiyar ta yanke, shayar da ɗansa aiki ne da kike da ikon neman lada a kansa, daban da abincin jaririn da maganinsa. Mata ƙalilan ne ke nema, wasu kunya, wasu rashin sani.

Sannan babban, ciyar da 'ya'ya. A Malikiyya uwa ce ke da riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har a yi mata aure ta tare. Maganar da ake yi cewa da an yaye yaro, ko da ya kai shekara bakwai, uba zai zo ya ɗauke, ba hukuncin wannan mazhaba ba ce. In kin yi wani auren da bare, riƙon yaran wurin mahaifiyarki yake komawa, ba wurin uban kai tsaye ba. Duk inda yaran suke, ciyarwarsu tana kan uba: namiji har ya balaga yana iya neman na kansa, mace har ta tare a gidan miji. Ko kina da albashi ko kina sana'a, wannan bai sauke masa nauyin ba. Mai riƙo ce ke karɓar kuɗin a hannunta, kuma uba ba shi da ikon cewa a riƙa turo yaran su ci a gidansa su koma. Wurin kwanan yaran ma yana ciki, alƙali ne ke ƙiyasta rabon uba a kuɗin hayar. Riƙon kansa dai ba a biyan ki lada a kansa.

A nan akwai tarko. Ciyarwar 'ya'ya ba kamar ta mata ba ce, in lokacinta ya wuce faɗuwa take yi, sai in alƙali ya riga ya yanke ta, ko kuma wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi, ba kyauta ba. Wadda ta yi shekara uku tana dakan gyaɗa tana ciyar da yara, sannan ta zo neman na baya, za ta sha wahalar tabbatar da wannan niyya. In kina ciyarwa kafin a je kotu, ki faɗa gaban shaidu cewa bashi kike bi, ki riƙa rubutawa. Mafi sauƙi shi ne a kai ƙara da wuri.

Abu na ƙarshe shi ne kyautar rabuwa, wadda malamai ke kira mut'ar saki, mai tushe a aya ta 241 ta Suratul Baƙara. A mashahurin ra'ayin Malikiyya mustahabbi ce, alƙali yana kwaɗaitar da miji amma ba ya tilasta masa. Ki nema a zaman sulhu, a nan ta fi samuwa. A ganina wannan ne babban giɓin da ke tsarinmu: matar da ta yi shekara 25 a gida, ta tsufa a kan murhu, 'ya'yanta sun girma, ba ciki ba goyo, lissafinta a kotu bai wuce na 'yan watanni ba. Maroko ma Malikiyya take bi, amma dokar iyalinta ta 2004 ta sa kyautar cikin abin da miji zai ajiye a kotu cikin kwana 30 kafin a ba shi izinin sakin, ana duba tsawon auren da ƙarfinsa da dalilin rabuwar. Masar kuma tun 1985 ta ƙayyade ta a kan abin da bai gaza ciyarwar shekara biyu ba, ga wadda aka saka ba da yardarta ba kuma ba da laifinta ba. Wannan aikin majalisun jihohi ne da malamai, ba abin da alƙalin ƙaramar kotu zai ƙirƙira miki ba ne.

Mataki na huɗu: hujjar abin hannunsa

Adadin da za a yanke ya dogara ne da abubuwa huɗu da malaman mazhabar suka jera: ƙarfin miji, matsayin matar, garin da ake zaune, da farashin kaya a lokacin. Ba wani jadawali da alƙali zai buɗe ya karanto. Aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ce ma'aunin: mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Saboda haka kusan kowane namiji a kotu talaka ne. Mai shago uku a Kantin Kwari zai ce yaron shago ne shi.

Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani lamarinsa da sauƙi, ki faɗi ma'aikatarsa da matakin albashinsa in kin sani, kotu na iya neman takardar albashin. Ɗan kasuwa da manomi su ne masu wuya. Ki tattara abin da ido ke gani: shago, mota ko babur ɗin haya, gidan da yake karɓar haya, gona da yawan buhunan da yake samu, dabbobi, Umara da ya je bara, sabon auren da yake shiri da akwatunan lefensa. Ki tuna nawa yake bayarwa na cefane lokacin zaman lafiya, domin wannan shaida ce daga hannunsa. In ta banki yake turo miki, saƙonnin shigar kuɗin suna nan a wayarki. Mutumin da aka san shi da abin hannu, in ya ce ya karye, shi ne zai kawo hujjar karyewar.

Sai ɓangarenki. Ki rubuta abin da yaran ke ci a wata da farashin kasuwar garinku na yau: kwano nawa na masara ko shinkafa, mai, kayan miya, gawayi ko gas, sabulu, kuɗin makarantar boko da na Islamiyya, kuɗin mota zuwa makaranta, magani, ɗinkin sallah. Ki haɗa da rasit ɗin makaranta da katin asibiti. Kada ki kumbura lissafin. Alƙalin ma cefane yake yi, ya san kuɗin kwano, kuma in ya kama ƙari a abu ɗaya zai yi shakkar sauran.

Mataki na biyar: sulhu, sannan sammaci

A fara da iyaye da mai unguwa, ko Hisba a jihohin da take, kamar Kano inda aka kafa ta da doka a 2003. Sulhu ya fi sauri kuma yakan bar ƙofa a buɗe tsakanin uba da 'ya'yansa. Amma Hisba ba kotu ba ce, ba ta da ikon taɓa albashi ko kadarar mutum. Duk abin da aka amince a rubuta, da adadi da ranar biya da sa hannun shaidu, in da hali a kai wa alƙali ya mayar da shi hukunci.

In sulhu ya ƙi, ki je wurin rajistaran kotun da ke yankin da mijin yake zaune, ki faɗi ƙararki, ki biya kuɗin shigarwa ki karɓi rasit, a aika masa sammaci. Ba dole sai da lauya ba, kuma waliyyinki na iya tsaya miki a matsayin wakili. In shari'ar ta yi nauyi kuma ba ki da hali, akwai hukumar ba da agajin lauyoyi ta tarayya da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, suna da ofisoshi a manyan biranen jihohi.

Mataki na shida: gaban alƙali

Ke ce mai da'awa, za ki faɗi abin da kike nema, a tambaye shi. In ya amsa, an gama rabin aiki. In ya musa, hujja a kanki take, rantsuwa a kansa. A maganar dukiya ana karɓar shaidu maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwarki. Ki zaɓi waɗanda suka gani da idonsu, kuma ki sani shaidar mahaifi ko mahaifiya ga 'yarsu ana ture ta saboda kusanci, maƙwabci ya fi amfani a nan.

Alƙali zai saurari nauyin da ke kan mijin, wasu matan da wasu 'ya'yan da iyayen da yake ciyarwa, kuma hakan na rage abin da za a yanke. Kada wannan ya ba ki mamaki. Abin da za ki tsaya a kai shi ne kada 'ya'yanki su koma ƙasa da 'yan'uwansu da ke cikin gidan. In na can suna makarantar kuɗi, ki faɗa.

Kafin hukunci alƙali zai yi i'izari, ya tambayi kowa ko yana da sauran magana ko hujja. Wannan ce damarki ta ƙarshe, in akwai abin da kika manta ki faɗe shi a nan. Ki roƙi hukuncin ya fito dalla-dalla: nawa a wata, ranar nawa ga wata, ta hannun wa ko ta wane asusu, wa zai biya makaranta, wa zai biya asibiti in ciwo ya zo, yaushe uban zai riƙa ganin yaran. Hukuncin da ya ce kawai "ya ci gaba da kula da 'ya'yansa" ba ya sayen ko gwangwanin gero. Inda farashi ke tashi kullum, ya fi a raba biyu, hatsi a kawo shi da kwano ko buhu, sauran a ba da kuɗi.

Mataki na bakwai: bayan hukunci

Ki nemi kwafin hukuncin mai hatimi. In ya biya wata biyu ya daina, kotun da ta yanke za ki koma, ba sabuwar ƙara za ki buɗe ba. Kotu na iya sake kiransa, ta sa a riƙa cira daga albashinsa, ta kama kadararsa, ko ta tsare wanda aka tabbatar yana da shi taurin kai ne ya hana shi. Shi ya sa biya ta banki ko ta hannun rajistara ya fi na hannu da hannu, kowa na da shaidar abin da ya shiga da wanda bai shiga ba.

Wanda bai gamsu ba, ke ko shi, yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Shari'a, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumin aure da saki da riƙon yara. Wa'adin yawanci kwana 30 ne daga ranar hukunci, in ya wuce sai an nemi izini an kawo uzuri.

Adadin da aka yanke kuma ba a kansa za a dawwama ba. Tunda da farashi da ƙarfin uba aka auna shi, in kaya sun tashi, ko yaro ya shiga sakandare, ko uban ya sami ƙarin girma, kina iya komawa ki nemi a sake duba shi, da sabon lissafin cefane da sababbin rasit. Shi ma uban da ya rasa aiki ko kasuwa ta karye masa, hanyarsa ita ce ya je kotun da hujjarsa ya nemi ragi kafin bashin ya taru, domin abin da alƙali ya riga ya yanke yana nan a rubuce har sai alƙali ya canza shi.